Tukunyar da Hilkiya Bai Fasa Ba

Akwai wani mutum a unguwarmu ta Yahudawa a Antakiya, sunansa Hilkiya. Man zaitun yake sayarwa. Rumfarsa tana bakin lungun da ke gangarawa majami'a, wato wurin ibadar Yahudawa, kuma duk wanda ba ya son man da hannun mara kaciya ya taɓa, wurinsa yake zuwa.

Ba mugun mutum ba ne. Gara a faɗi wannan tun da wuri. Bai taɓa tauye awo ba. Matan da mazansu suka rasu sun san in suka miƙa masa ƙaramar gora, cike za ta dawo har wuya, kuma ba zai ɗago ido ya kalle su ba don kada su ji kunya.

Abu ɗaya ne yake tsoro a duniya, wato ƙazanta.

Tun yana yaro kakarsa take riƙe hannunsa ta kai shi wurin kaburburan mutanenmu da sarakunan Helenawa, wato Girkawa, suka kashe a da, saboda sun ƙi cin abin da shari'ar Musa ta hana. Takan tsaya ta nuna masa duwatsun, ta ce, "Saboda loma ɗaya suka mutu, Hilkiya. Ka kula da bakinka." Ya girma, gemunsa ya yi fari, amma muryar tsohuwar ba ta bar kunnensa ba.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗa guda ta bar masa, Eliyakim, dogon saurayi mai yawan dariya, wanda in ya ɗauko tulun mai daga wurin matsa, tun daga nesa za ka ji waƙarsa kafin ka ga tulun. Ya auri wata yarinya mai kunya, Shifra, suna zaune tare da uban a gida ɗaya.

Da mutane suka gudo daga Urushalima da labarin Yesu Banazare, suna cewa shi ne Almasihun da ake jira, Hilkiya na cikin na farko da suka karɓa. Abin ya ci masa abokai. Tsoho Nahum, dattijon majami'a, wanda shekara talatin yake zama a rumfarsa suna hira, ya daina zama. In ya zo wucewa sai gaisuwa daga tsaye. Hilkiya ya haɗiye wannan.

Abin da ya kasa haɗiyewa daga baya ya zo.

Wasu daga cikin masu wa'azin suka fara yi wa Helenawa magana a kasuwa. Helenawan kuma suka saurara. Suka zo da matansu da 'ya'yansu, aka yi musu baftisma a kogi, suka shigo taro suna kiran sunan Allahn Ibrahim. Babu kaciya, babu komai.

"Ni ban ce kada su zo ba," in ji Hilkiya ga amininsa Zabdi, wani ɗan gajeren madinki mai bakin barkwanci. "Ƙofar nan a buɗe take tun zamanin Ibrahim. Amma akwai wuƙa a bakin ƙofar. Kowa ta nan ya bi."

Zabdi ya shafa gemu ya ce, "Ai wuƙar ce ba sa so, ɗan'uwa. Ni kaina da sai da na yi wannan gemun aka zo min da ita, da na ce a ba ni kwana biyu in yi shawara."

Hilkiya bai yi dariya ba.

A lokacin, ranar farko ta mako, wato Lahadi, ake taruwa da yamma a tsakar gidan wani marini, a yi addu'a, a ci gurasa tare. Don a zauna lafiya sai aka shimfiɗa tabarmi biyu, ɗaya ta Yahudawa, ɗaya ta Helenawa. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba, amma ba mai ƙetarawa.

Cikin Helenawan akwai wani maginin tukwane, Diyodoros. Ƙaton mutum ne, hannuwansa duk sun tsattsage saboda yumɓu da wuta, kuma ba ya iya magana a hankali ko da addu'a yake yi. Shi ya kawo wa taron kyautar kasaken shan ruwa guda goma, sababbi, kowanne da zanen ganyen inabi a gefensa.

Wata rana ana zafi ƙwarai. Diyodoros ya sha ruwa a kaskonsa, ya ɗago ya ga Hilkiya yana share gumi, leɓensa ya bushe. Bai tsaya tunani ba. Ya sake cika kaskon, ya tashi, ya taka takun nan biyu, ya rusuna ya miƙa da hannu biyu.

"Dattijo, sha."



Hilkiya ya naɗe hannunsa da bakin rigarsa, ya karɓi kaskon. Ya ɗaga shi sama kaɗan, sannan ya sake shi a kan dutsen daɓe. Ƙarar ba ta da yawa. Ruwan ya bi tsagar dutse ya gangara har ƙafar Diyodoros.

"Abin ƙarfe in ya ƙazantu ana wanke shi," in ji Hilkiya. "Na ƙasa kuwa fasawa ake yi. Haka aka koya mana." Ya juya ga jama'a. "Ku ji ni da kyau. Daga yau bakina ba zai ƙara yi wa mutumin nan magana ba. Duk wanda yake cin gurasa da marasa kaciya, kada ƙafarsa ta taka ƙofata, kada kwanonsa ya shiga gidana."

Ya fita. Gida bakwai suka bi shi, har da Zabdi. Daga ranar nan taron ya rabu biyu, masu bin Hilkiya suka koma yin nasu a gidansa.

Eliyakim bai biyo shi nan take ba. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya shigo, ya zauna a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalminsa a hankali.

"Abba, da hannu biyu fa mutumin nan ya miƙa maka."

"Da hannu biyu aka miƙa wa kakanninka naman alade."

Eliyakim ya ajiye takalmin a gefe. Can ya ce, "Tulun nan na gefe, na matsar bana, ka ce nawa ne ko?"

"Naka ne."

"To."

Bai sake tayar da maganar ba. Hilkiya ya ɗauka yaron ya gane. Ya dai lura duk ranar Laraba Eliyakim kan daɗe a hanyar kai mai, kuma wani lokaci yakan dawo da jar ƙasa a gefen rigarsa. Bai tambaya ba. Akwai tambayar da uba ba ya yi don yana tsoron amsarta.

Shekara ta zagayo. Shifra ta haifi 'ya mace. Da Idin Bukkoki ya matso, gidaje bakwai ɗin nan suka shirya tafiya Urushalima, su yi idi, su kuma kai ƙarar maganar Helenawa gaban dattawan can. Hilkiya ne ya kamata ya ja gaba. Amma kwana biyu kafin ayari ya tashi, zazzaɓi ya kama Eliyakim.

"Ku tafi," in ji Hilkiya ga Zabdi. "Zazzaɓin ƙarshen rani ne. In ya warware za mu biyo ku."

Zabdi ya leƙa ɗaki ya ce, "Kai raggo, tashi! Don kada ka ɗauki kayan ubanka ne ka kwanta, mun gane ka." Eliyakim ya yi dariya daga kwance, ya ɗaga masa hannu.

Kwana tara ya yi. A rana ta goma da safe, daidai lokacin da yakan zare sandar rumfa ya buɗe ta, ya cika.

Ba a aika wa kowa ba, amma Tsoho Nahum ya zo da dattawan majami'a. Suka wanke shi, suka naɗe shi da likkafanin lilin, suka ɗauke shi a kafaɗunsu duk da tsufansu. A bakin kabari Nahum ya dafa Hilkiya ya ce, "Saɓaninmu daban, wannan daban. A hannuna aka yi wa yaron nan kaciya." Hilkiya ya kama wuyan rigarsa ya yage ta har ƙirji.

Suka dawo gida, shi da Shifra da jaririya. Suka kife gadaje kamar yadda ake yi, suka cire takalma, suka zauna a ƙasa.

Wanda ya taɓa dawowa daga maƙabarta ya tarar da takalman mamacinsa a bakin ƙofa, ɗaya a kife ɗaya a tsaye kamar yanzu ya cire su, ya san yadda gidan nan yake a ranar. Ba sai an faɗa masa ba.

To a wurinmu, wanda ya binne nasa ba ya fara cin abincin gidansa. Loma ta farko daga hannun maƙwabta take zuwa: gurasa, dafaffen ƙwai da faten adas, wani irin ƙaramin wake. Tsofaffi suna cewa an zaɓi ƙwai da ƙwayar adas ne don ba su da baki, kamar mai makoki. Ba a roƙa, ba a aikawa a tuna wa mutane. Ana zama ne a jira. Kuma wanda ya zo ta'aziyya ba ya fara magana. Zai zauna shiru har sai mai makokin ya buɗe baki.

Suka jira.

Rana ta yi tsaka, ta karkata, ta faɗi. Ba wanda ya zo da kwano.

Ba mugunta ce ta hana ba. Nahum da mutanen majami'a sun ce a ransu, mun yi namu, abinci kuma ai mutanensa na Banazare za su kawo, kada mu je mu yi karo da su. Mutanensa kuwa suna can kan hanyar Urushalima. Sauran masu bi da ke gidan marini sun ji labari, mata har sun yi kuka, amma suka tuna abin da ya faɗa da bakinsa: kada kwanonku ya shiga gidana. Suka ce majami'a ce ta binne, majami'a za ta ciyar. Kowa ya bar wa wani.

Gari ya waye. Gidan cike yake da garin alkama da mai da busasshen ɓaure, amma murhu a sanyaye.

Shifra rabonta da abincin kirki tun ana jinya. Jaririyar ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, tana kuka.

Hilkiya ya san akwai malaman da suka ce in ranar farko ta wuce ba a kawo ba, mutum yana iya cin nasa. A rayuwarsa bai taɓa bin fatawa mai sauƙi ba. Amma ya dubi jikarsa, ya ce, "'Yata, tashi ki dama wani abu ki sha. Ke mai shayarwa ce. Babu laifi a kanki."

Shifra ba ta taɓa musa masa ba tun da ta shigo gidan. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Yarinyar fa?"

"Na sani." Hawaye ya gangaro mata. "In na ci na gidanmu, na yarda ke nan Eliyakim ya mutu ba shi da kowa a garin nan. Mutumin da ba ya wuce ƙofa bai yi gaisuwa ba. Wani zai zo, Baba. Dole wani ya zo."

Hilkiya ya dubi ƙofa. Shi ya san ƙofofin da ya rufe, ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa.

Hantsi ya yi, rana ta take. Kukan jaririyar ya sauya. Ya daina zama kukan fushi, ya koma siriri, kamar na ɗan akuya a nesa. Wannan kukan ya fi na farko tsoratar da shi.

Sai inuwa ta rufe ƙofa.

Ya ɗago. Diyodoros ne. Yana rungume da tukunya, an rufe bakinta da faifai, tururi na fita ta gefe. A kafaɗarsa akwai ƙunshin gurasa. Ya tsaya daidai bakin dokin ƙofa, daga waje, yatsun ƙafarsa ba su taɓa shi ba.

Bai yi sallama ba. Bai ce komai ba.

Hilkiya ya kawar da kai ya dubi bango. Ya jira ƙaton ya fara surutunsa da babbar muryar nan tasa, don ya samu abin da zai ƙi amsawa. Shiru.

Ƙamshin adas da albasa ya shigo ɗakin. Shifra ba ta dubi surukinta ba, ba ta kuma dubi baƙon ba. Ƙasa take kallo, tana jijjiga yarinyar, leɓenta na motsi.

Rana tana dukan ƙeyar Diyodoros. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya sauya tukunyar daga wannan hannu zuwa wancan, ya ci gaba da tsayuwa. Inuwarsa ta matsa daga kan tabarma zuwa jikin randa. Tururin ya fara raguwa.

A nan ne Hilkiya ya gane. Mutumin nan ba kunya ce ta hana shi magana ba, ba kuma tsoro ba. Jira yake mai makoki ya fara. Ya san al'adar. Kuma zai tsaya a nan har tukunyar ta huce, har rana ta faɗi, ba zai ce uffan ba.

Shi kuma ya faɗa a gaban jama'a cewa bakinsa ba zai ƙara yi wa mutumin nan magana ba.

Ya ji muryar kakarsa sarai, kamar tana zaune a bayansa. Saboda loma ɗaya suka mutu. Ka kula da bakinka. Ya ga duwatsun kaburburan nan. Sai jaririyar ta sake yin siririn kukanta, ta yanke shi a tsakiya don ba ta da ƙarfin ƙarasawa.

Hilkiya ya buɗe baki.

"Wa ya koya maka yin shiru?"

Diyodoros ya sauke numfashi. "Ɗanka, dattijo."

Hilkiya ya juyo.

"Ranar da kaskon nan ya fashe," in ji Diyodoros, yana ƙoƙarin rage murya, "bayan kun fita, shi ya durƙusa ya tsince tsingaron a bakin rigarsa. Bayan kwana uku ya zo har wurin gasa tukwanena da su, da tulun mai a kafaɗa. Na ce ya tafi da kayansa, ba na so. Ya ce, 'Abbana ba ƙinka yake yi ba. An ba shi ajiya ne tun yana yaro, yana tsoron kada ta zube a hannunsa.' Ya ajiye tulun ya zauna. Ya ƙi tafiya."

"Laraba," in ji Hilkiya a hankali.

"Laraba. Da damina kuma uwata ta rasu. Ya zo da ƙwai da adas, ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya yi gum. Na jira, na jira. Har na ji haushi na ce, kai ɗan mai, zuwa ka yi ka zuba min ido? Sai ya ce, 'Yawwa, yanzu ka yi magana, ni ma zan iya yi.' A ranar ya koya min."

Shifra ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni na dafa ƙwan, Baba."

Hilkiya ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tambayi abin da ya shekara bai tambaya ba. "Yana cin abinci a gidanka?"

Diyodoros ya gyaɗa kai. "Yana ci, dattijo. Ba zan yi maka ƙarya a ranar nan ba. Ci kuwa ba na wasa ba. Matata in ta jiyo waƙarsa daga kan gada sai ta ce, ku ɓoye gurasa, ga yunwa nan tafe."

Wani sauti ya kuɓuce wa Hilkiya. Da dariya ya fara, bai ƙare da ita ba. Tun da aka rufe kabarin bai zubar da hawaye ba sai yanzu. Ya kife fuskarsa a yagaggiyar rigarsa, kafaɗunsa suna girgiza, su kuma suka bar shi.

Da ya lafa, Diyodoros ya ce, "Ban ji ba sai yau da safe, ina can bayan gari wurin wuta. Laraba biyu bai zo ba, na shigo in tambaya. Mai gurasar unguwarku ta gaya min. Na ce wa ya kai musu abinci? Ta ce, ai mutanenku. Na je gidan marini, suka ce ai majami'a." Ya gyara riƙon tukunyar. "Dattijo, ka ji yadda na yi. Tukunyar nan jiya ta fito daga wuta, ba a taɓa zuba komai a cikinta ba. Adas a wurin Bayahude na saya. Gurasar, mai gurasarku ce ta naɗe ta da kanta, ban taɓa ba. Ƙwai yana cikin ɓawonsa. Man kuma na tulun nan ne da ya kawo min. Ban taɓa buɗe shi ba, ina jin nauyinsa. Yau na fasa hatimin."

"Wutar fa?" in ji Hilkiya. Tsohuwar al'ada ce ta yi tambayar, ba shi ba.

"Wutar tawa ce. Hannun da ya dama ma nawa ne." Ya dubi tsattsagaggen hannunsa. "Wannan kam ban san yadda zan yi da shi ba, dattijo. Shi kaɗai gare ni."



"Shigo," in ji Hilkiya.

"A'a, zan ajiye a nan, 'yarka ta ɗauka. In na shigo, gidanka zai ƙazantu."

Hilkiya ya dubi gadajen da ke kife, ya dubi hannuwansa da suka rufe idon ɗansa jiya.

"Wane gida? Wanda gawa ta fita daga cikinsa jiya? Ni na taɓa shi, ita ta taɓa shi. Kwana bakwai ba mu da tsarki, ni da ita da randar nan da duk abin da ke ƙarƙashin rufin nan. Yau a unguwar nan babu mai ƙazanta kamata. Kai ne ya kamata ka tsaya a waje ka kiyaye kanka."  "Shigo, Diyodoros."

Ƙaton ya cire takalmansa, ya ajiye su kusa da na Eliyakim. Ya sunkuya ya shigo, ya zauna a ƙasa. Ya buɗe tukunyar. Ya ɗauki ƙwai ya ɓare da manyan yatsunsa a hankali, ya gutsuri gurasa ya tsoma a faten, ya miƙa da hannu biyu.

Hilkiya bai naɗe hannunsa da riga ba. Ya karɓa, ya sa albarka, ya kai baki.

Man nasa ne, ya gane shi nan take. Matsar bara, mai ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Eliyakim ne ya ɗauko shi daga wurin matsa yana waƙa.

Ya haɗiye, ya tura tukunyar gaban Shifra. "Ci, 'yata. Wani ya zo."

Ta ci tana kuka, ta ci har ta ƙoshi. Kafin la'asar jaririyar ta kama nono ba ta saki ba, ta yi barci da ɗigon madara a gefen bakinta.

Da Diyodoros zai tafi, ya tsaya a ƙofa yana sa takalmi ya ce, "Tukunyar ta ƙasa ce, dattijo. In kun gama ka fasa ta. Na san doka, ba zan ji komai ba. Ina da su da yawa."



A rana ta uku Tsoho Nahum ya ji abin da ya faru. Ya zo da matarsa da kwanuka biyu, ya zauna ya kasa ɗaga ido. Mutanen gidan marini ma suka zo, suna raɓe-raɓe a bakin ƙofa har sai da aka ce su shigo. Kafin kwana bakwai su cika, abinci ya yi yawa har ana rabawa maƙwabta.

Bayan wata guda ayari ya dawo. Zabdi ya shigo da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya rungume amininsa suka yi kuka. Da suka zauna ya ce dattawan Urushalima ma ba su gama magana ba, wasu na cewa wuƙa, wasu na cewa a bar mutane su shigo yadda suke.

Sai idonsa ya kai kan kantar da ake jera tuluna. Tsakanin tulunan mai akwai wata tukunya, a wanke, da zanen ganyen inabi a wuyanta.

"Hilkiya, wannan ba aikin Bahelinen nan ba ne? An gaya min a hanya, na ce ƙarya ne. Kai? Kai da ka raba mu da mutane a kan kasko ɗaya?"

"Ni."

"To yanzu me kake cewa? Su shigo haka nan? Kakanninmu fa?"

Hilkiya ya sunkuyar da kai. Jikarsa tana kan cinyarsa tana wasa da gemunsa.

"Ban san amsar da dattawa za su bayar ba, Zabdi. Ni ba malami ba ne, mai sayar da mai ne. Kakanninmu sun ƙi lomar da aka miƙa musu don a raba su da Allah, kuma sun yi daidai. Ni loma aka miƙa min da sunan Allahn nan, ranar da ba ni da kowa. Ashe ba iri ɗaya ba ne. Ɗana ya gane tun bara. Ni sai da na binne shi."

Zabdi ya shafa gemu. Wannan karon bai samu abin barkwanci ba.

Gida uku daga cikin bakwai ɗin suka daina sayen mansa, suka ce hannunsa ya gauraya. Bai yi musu gardama ba. Har ya mutu bai ci abin da shari'a ta hana ba, bai kuma karya dokar hutun Asabar ba. Amma ranar farko ta mako ya koma gidan marini, kuma da ya shiga ya tarar da tabarmin nan biyu, ya sunkuya da tsufansa ya ja ɗaya har bakinta ya hau kan ɗayar.

Duk ranar Laraba kuma yakan rufe rumfa da wuri, ya bi hanyar gada, ya dawo da jar ƙasa a gefen rigarsa.

Tukunyar tana nan a gidan har yau. Ba a girki da ita sai an yi rasuwa a unguwa. Ranar nan Shifra takan sauke ta, ta dafa adas, ta ɗauka ta kai. Ba ta tambayar ko gidan na wane ne.

Darasi: Riƙe abin da iyaye suka bar maka abu ne mai kyau, amma kada tsoron ƙazanta ya sa ka fasa hannun da aka miƙo maka da alheri. Ƙofar da ka rufe wa wani yau, ta nan taimakonka zai so shigowa ranar da ka zauna a ƙasa. Kuma in an yi rashi kusa da kai, kada ka ce wani zai kai, ɗauki kwanonka ka je. Ka isar da labarin nan ga wanda ka san akwai maganar da ya daɗe bai yi wa ɗan'uwansa ba, ko Allah zai sa ya buɗe baki tun mai jiransa yana tsaye a ƙofa.